Gishirin Ƙetare da Ƙurar Gida: Nazari kan Fenti da Tsatsa a Motoci da Jiragen Ruwan Abuja

Abuja ba ta da teku. Daga gindin Dutsen Aso zuwa gaɓar Atilantika mafi kusa akwai tazarar da ta haura kilomita 400, kuma gishirin da iskar damina ke ɗebowa daga teku yakan zube tun a dazuzzukan kudu. Amma wanda ya leƙa ƙarƙashin motocin da ake ɗagawa a garejojin Apo zai ga irin tsatsar da aka saba gani a Apapa ko Fatakwal: salansa ta ruɓe, ƙusoshin ƙafa sun liƙe har sai an sa musu wuta, bututun birki ya yi ɓawo. Idan ya miƙe ya dubi saman motar kuma, sai ya tarar da wata cuta dabam: rufi ya yi fari-fat, bonet yana saɓa, jan fenti ya koma ruwan hoda. Ciwon ƙasa daga ƙetare aka shigo da shi, na sama a nan gida aka same shi. Rashin rabe tsakanin biyun ne ke sa mai mota ya zuba kuɗi a inda ba nan ciwon yake ba.

Sai an san yadda masana'anta ke jera fenti kafin a gane inda kowace cuta ke kamawa. Jikin motar zamani ƙarfe ne da aka lulluɓe da tutiya, aka wanke shi a ruwan fosfet, sannan aka tsoma shi ɗungurungum cikin tafkin fenti aka sakar masa lantarki, ta yadda fentin zai bi kowane lungu, har cikin ƙofofi da ginshiƙai inda hannu ba ya kaiwa. Wannan dabara ta bazu a masana'antun duniya daga ƙarshen shekarun 1970, ita ce kuma ta sa motocin yanzu ba sa ruɓewa da wuri irin na da. A kan wannan shafi ake fesa faraima, sai launi, sai shafi na ƙarshe marar launi wanda masu fenti ke kira kiliya, shi ne mai ba da sheƙi. Duka-duka kaurinsu bai cika wuce maikuron 100 zuwa 150 ba, maikuron ɗaya kuwa kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita. Kiliya ita kaɗai 40 ce zuwa 50. Ana gasa waɗannan shafe-shafe a zafin digiri 140 zuwa 180, tun motar tana ƙwarangwal, ba gilashi, ba waya, ba kujera. Da zarar an haɗa ta an gama, babu garejin da zai iya maimaita wannan gashi, domin robobi da wayoyi ba za su jure ba. Don haka fentin asali abu ne da ake samu sau ɗaya a rayuwar mota.

Tsatsa ƙarfe take buƙata da iska da ruwa. Gishiri ba ya cikin sharaɗin, amma shi ke hura wutar: yana sa ruwa ya riƙa ɗaukar lantarki sosai, yana fasa siririn rufin da ƙarfe ke yi wa kansa, yana kuma jawo laima daga iska ya riƙe ta a jikin ƙarfen. Ma'aunin ƙasa da ƙasa na ISO 9223, wanda ya kasa wurare daga C1 zuwa C5 har da CX gwargwadon yadda iskarsu ke cin ƙarfe, abu uku yake dubawa: tsawon lokacin da ƙarfe ke zama a jiƙe, yawan gishirin da ke sauka a kansa, da hayaƙi mai sulfa. Bakin teku a ƙasa mai zafi ya haɗa na farko da na biyu, shi ya sa yake can sama a jerin. Abuja tana da na farko na kimanin rabin shekara, tana da ɗan rabonta na na uku daga janareto da manyan motoci, amma na biyu ba nata ba ne.

Gishirin nan a cikin jirgi yake zuwa. Tun da harhaɗa motoci a kamfanin Peugeot na Kaduna, wanda ya fara aiki a 1975, ya ja baya, kasuwa ta koma hannun tokumbo, 'yan Kwatano da 'yan Beljiyam. Gwamnati ta hana shigo da motoci ta kan iyakokin tudu daga Janairun 2017, sai hada-hadar ta ƙara karkata zuwa Apapa da Tin Can. Kaso mai yawa na Camry da Corolla da Sienna da Accord da ke cika titunan Wuse da Garki daga Amurka da Kanada suka fito, kuma a can, a wurare irin su Niyok da Mishigan da Ohayo, ana watsa gishiri a kan titi duk lokacin sanyi don narkar da ƙanƙara. Amurka kaɗai tana watsa wajen tan miliyan 20 a shekara. Motar da ta yi shekara goma a irin waɗannan hanyoyi ta sha gishirin da motar Legas ba za ta taɓa sha ba, domin na Legas a iska yake, wannan kuwa taya ce ke fesa shi kai tsaye cikin shasi. Girman matsalar ya fito fili a 2016, lokacin da Toyota ta amince da sulhun shari'a na kusan dala biliyan 3.4 kan ruɓewar shasin Tacoma da Tundra da Sequoia. Ga kuma motocin ambaliya: guguwar Sandy ta 2012 ta lalata motoci kusan 250,000, da yawansu a ruwan teku, Harvey ta biyo baya a jihar Tekzas a 2017. Irin waɗannan motoci kamfanonin inshora ke kai wa gwanjo a Copart da IAA, inda dillalai daga ƙasashe da dama, har da namu, ke saye ta intanet. Bayan duk wannan sai motar ta ƙara makonni a tashar jirgi tana jiran kwastan, iskar teku na kaɗa ta.

Abin da yanayin Abuja ke yi wa wannan gishiri da ya ɓuya a ninkin ƙarfe shi ne ya fi jan hankalina. Gishirin girki yana fara jiƙa da kansa idan laimar iska ta kai kashi 75 cikin ɗari. Na magnisiyam da kalshiyam, waɗanda su ma ana watsa su a hanyoyin ƙanƙara, tun daga wajen kashi 30 suke farawa. A tsakiyar hunturu, lokacin da leɓe ke tsagewa, gishirin yana kwance, tsatsa ta lafa. Da an shiga Yuni zuwa Satumba, laima ta haura 80, sai ya farka. Jan laka ta hanyoyin da ba a kai ga sa musu kwalta ba a bayan Lugbe da Kubwa da Karu ta zo ta manne a bayan madigadi, ta riƙe ruwa kwana da kwanaki. Ke nan mota tana cin tsatsar bakin teku wata shida, ta huta wata shida, mai ita kuwa bai taɓa leƙa ƙasanta ba.

Maganin wannan ba shi da tsada, shi ya sa ba a tallarsa. A ɗaga motar tun farkon zuwanta a wanke ƙasanta da ruwa mai ƙarfi sau biyu ko uku, a bar ta ta bushe sarai, a kankare tsatsar da ta yi ɓawo, a shafa maganin da ke kashe ta, sannan a fesa mai ko kaki mai ratsa lungu. Watan Disamba da Janairu sun fi dacewa da aikin, domin iskar kanta tana taya busarwa. Abin da aka fi yi shi ne akasin haka: a fesa baƙin kwalta a kan tsatsa da laka, ƙasan mota ya yi baƙi wuluk gwanin kyau, gishiri da laima kuwa an kulle su a ciki. Mai saye da ya ga ƙasan tsohuwar mota ya fi samanta sabunta, ya kamata ya sa tsinin sukudireba ya ɗan taɓa.

Saman motar labarinsa na gida ne. Abuja tana wajen digiri 9 arewa da tsakiyar duniya, rana tana tsayawa daidai tsakar ka a tsakiyar Afrilu da ƙarshen Agusta, kuma a Maris zafin inuwa yana kai 36 ko fiye. Bonet ɗin baƙar mota da ta wuni a filin ajiye motoci na sakatariyar tarayya yana iya haura digiri 70. Wani ɓangare na hasken rana da ido ba ya gani, wanda ake kira UV, yana tsinka sarƙoƙin robar da aka yi kiliya da ita. Masana'anta tana zuba wa kiliya sinadaran da ke shanye wannan haske, amma suna ƙarewa a hankali, zafi kuma yana gaggauta ƙarewarsu. Ranar da hasken ya ratsa ya kai ga shafin launi, haɗin da ke tsakanin biyun sai ya saki. Shi ne farin tabon da ke fara bayyana a rufi da bonet da saman but, wuraren da ke kallon sama, alhali ƙofofi suna nan da sheƙinsu. Motar da ta kai nan, babu folish ɗin da zai dawo da ita.

Duk da haka ban ɗora wa rana babban laifi ba. Tsumma na ɗora wa. Ƙurar hunturu, wadda kaso mai yawa nata ke tasowa daga kwarin Bodele a arewacin Chadi, inda tsohon gindin tafki ya bushe, tana ɗauke da ɓurɓushin kwaz, ma'adinin da ke cikin yashi. Taurin kwaz 7 ne a ma'aunin Mohs mai hawa goma. Kiliya kuwa farce ma yana iya yi mata alama. Ga ƙurar fasa dutse ta Mpape, ga ta siminti a birnin da ba a daina gini a cikinsa ba tun kafin ya zama fadar gwamnati a Disambar 1991. Da asuba duk wannan ya kwanta a kan mota, raɓa ta ɗan jiƙa shi. Sai maigadi ko direba ya zaro tsumman jiya daga but, wanda ya bushe ya ƙandare da ƙasar shekaranjiya, ya kaɗa shi sau biyu, ya bi bonet da shi yana zagayawa, ya zo ya ce, "Ranka ya daɗe, an goge mota." An goge kam. Abin da ya yi bai da maraba da bin ta da sanfefa mai laushi, kuma gobe ma zai yi, don neman yabo, ba don mugunta ba. Idan aka tsayar da baƙar mota a rana aka dubi inda hasken ya faɗo, za a ga dubban siraran zane sun kewaye shi. Kowane zane ya rage kaurin kiliya, ya kuma buɗe wa rana ƙofa. A lissafina, motar da aka bari da ƙurarta har mako guda sannan aka wanke ta da ruwa mai yawa ta fi wadda ake gogewa a bushe kullum tsawon rai.

Wurin wankin mota ma ba kasafai yake gyara lamarin ba. Bokiti ɗaya ne, soso ɗaya. Da shi za a wanke taya, da shi za a hau rufi. Omo da sabulun wanke-wanke suna cire maiƙo, don haka suna tafiya da duk kakin da aka shafa, su bar robobin gilashi a bushe. Ruwan rijiyar burtsatse da aka bari ya bushe a kan ƙarfe mai zafi yana barin zoben ma'adinai da ke cin kiliya. Gyaran nan ma na tsari ne: a fara kwarara ruwa ƙurar ta sauka kafin hannu ya taɓa, a yi bokiti biyu, ɗaya na kumfa ɗaya na ɗauraye soso, a fara daga sama, a yi a inuwa, a tsane da tawul mai laushi da ba ya taɓa ƙasa.

Inuwar ma sai an zaɓa. Wanda ya gudu daga rana ya fake ƙarƙashin mangwaro ko darbejiya ya haɗu da ƙaro da kashin tsuntsu da na jemage, waɗanda ke da tsami, kuma a kan bonet mai zafi awoyi kaɗan sun isa su bar tabon da sai inji zai fitar. Tokar ƙunar daji ta Disamba, idan raɓa ta jiƙa ta, ita ma tana ci. Akwai kuma wata ɓarna da ƙura ke yi a ɓoye: tana toshe 'yan ramukan da ke ƙasan ƙofofi da magudanan rufi mai buɗewa. Ruwan farko na Afrilu ya shiga ya rasa mafita, ya kwanta cikin ƙofa ko ƙarƙashin kafet, tsatsa ta faro daga ciki. Haka yake faruwa da motocin da ambaliya ta ci, irin ta rukunin gidajen Trademore a Lugbe a Yunin 2023: a wanke kujeru, a bar soson da ke ƙarƙashin kafet da ruwansa.

Kayan kariya da ake sayarwa kowanne yana da iyakarsa. Kakin kanuba, wanda ake samu daga ganyen wata bishiya ta Barazil mai kama da giginya, yana ba da sheƙi mai kyau, amma a zafinmu makonni yake yi. Shafin siramik ya fi daɗewa, yana sa ruwa da datti su zame, sai dai kaurinsa maikuron ɗaya ne ko biyu, kuma lambar 9H da ake kambamawa a tallarsa ma'aunin taurin fensir ce, ba ta Mohs ba. Kwaz yana karce shi. Ledar kariya da ake liƙawa, wadda kamfanin 3M ya fara yi don fukafukan jiragen sama masu saukar ungulu na sojan Amurka, tana da kaurin wajen maikuron 200, ita ce ke iya tare tsakuwar hanyar Kaduna ko ta Keffi, amma kuɗinta sai wane da wane. Tamfol da ake rufa mota da shi, idan an ɗora shi kan ƙura iska tana kaɗa shi, gogewa yake yi. Idan aka auna abin da aka kashe da abin da aka samu, rumfar kwano a tsakar gida ta fi su duka, farar mota ko mai ruwan azurfa kuma ta fi baƙa sauƙin riƙo. Sanin haka bai hana manyan Abuja son baƙar jif ba.

Idan ɓarna ta riga ta auku, akwai matakai, kuma hikimar ita ce a tsaya a mafi ƙanƙantarsu. Zane-zanen tsumma da dushewar sheƙi, injin folish yana fitar da su, amma ta hanyar cin kiliya yake yi, maikuron biyu zuwa biyar a kowane zagaye. Ƙa'idar masu sana'ar ita ce kada a ci fiye da rubu'in kaurinta a duk rayuwar motar. Akwai 'yar na'urar auna kaurin fenti da ke shiga aljihu. Mai folish da ba shi da ita, a makance yake aiki. Idan kiliya ta saɓa a rufi da bonet, a fesa rufi da bonet kawai. Amma abin da mai mota ya fi ji shi ne, "Alhaji, a bar mini ita kwana uku a yi mata gaba ɗaya, za ta dawo sabuwa fil." A kwana ukun nan ake kankare fentin masana'anta da ke da sauran shekaru a ƙofofi, wani wuri har a kai ga farin ƙarfe a cinye tutiyar.

A Apo da Kugbo akwai fanal-bita masu hannu, waɗanda za su bubbuga lotsattsen madigadi har ya dawo daidai, fila kaɗan ta ishe su. Akwai kuma masu cike rami da fila mai kaurin yatsa. Fila tana shan ruwa, kuma ba ta miƙewa da zafi daidai da ƙarfe, don haka bazara ɗaya da damina ɗaya sun isa ta tsage. Maganaɗisu a cikin ƙyalle yana tona wannan asiri: inda ya ƙi kamawa a jikin ƙarfe, fila ce. Fesawa a fili kuwa kowane lokaci da matsalarsa. Da hunturu ƙura tana sauka kan ɗanyen fenti. Da damina laima da ruwan da ke taruwa a tankin kwamfuresa suna shiga ƙarƙashinsa, bayan watanni ƙuraje su fito. A ƙara da yawan tina don fenti ya auku, da rage hadna don a rage kuɗi, sai a gane dalilin da ya sa koren tasin Abuja ke koɗewa tun bai shekara biyu ba. Ɗakin gasa fenti na gareji a wajen digiri 60 yake aiki. Amfaninsa na gaske tsabtar iska ce da daidaiton bushewa, ba wai ya kamo na masana'anta ba.

Akwai wanda ke biyan wani kuɗin da ba a rubuta a rasit. Hadnar fenti mai haɗi biyu tana ɗauke da sinadarin aisosayanet, wanda yana cikin manyan abubuwan da ke jawo asma ta wurin aiki a duniya. Yaron da ke riƙe da bindigar fesawa, ya ɗaure hanci da hankici, da an tashi a ba shi madarar gwangwani wai ta wanke ƙirji, ba shi da wata kariya. Madara ciki take zuwa, tururin kuwa huhu ya shiga.

Jiragen ruwa a Abuja kaɗan ne, galibinsu na shaƙatawa a tafkin Jabi, amma a kansu ne shawarar bakin teku ta fi ɓatar da mutum. Jirgin faiba ba fentin mota gare shi ba. Fatarsa wani shafi ne da ake kira jelkot, mai kaurin kusan rabin milimita, wato ninki goma na kiliya. Rana tana sa shi ya yi gari-gari ya dushe, amma saboda kaurinsa ana iya bin sa da sanfefar ruwa da folish sau da dama ya dawo. Ƙasan jirgin ne ke da abin mamaki. Ƙurajen da ke kumbura a jikin faiba idan ruwa ya ratsa jelkot sun fi saurin fitowa a ruwan daɗi mai ɗumi fiye da ruwan gishiri, don haka jirgin da aka bari a tafki shekara da shekaru ba tare da an fitar da shi ya sha iska ba yana cikin haɗari fiye da ɗan'uwansa na Legas. Fentin guba da ake shafa wa ƙasan jiragen teku don hana halittu masu ɓawo mannewa, wanda aka haramta nau'insa mai sinadarin TBT a duniya tun 2008 aka koma mai tagulla, ba shi da aikin yi a Jabi, inda gansakuka ce kawai ke kamawa, buroshi kuma yana fitar da ita. Tagullar da zai riƙa saki a rufaffen tafki kifaye za ta dama.

Sai ɗan guntun ƙarfen da ake ɗaura wa ƙafar injin jirgin ruwa don tsatsa ta ci shi a madadin injin. A teku na tutiya ake sawa, kuma injin da ya yi aiki a Legas ko Fatakwal sau da yawa da shi yake zuwa. A ruwan daɗi tutiya tana yin wani farin rufi ta daina aiki, sai mai jirgi ya gan ta garau bayan shekara biyu ya ɗauka alamar lafiya ce, alhali alminiyam ɗin injin ne ke ciwuwa. Na magnisiyam ake sawa a tafki, kuma idan ya cinye rabi a canza shi.